"Ba Ta Bugarwa," In Ji Su. To, a Kurɓa?

Yaranmu masu aiki a Wuse da Maitama sun zo mana da tambaya. An tashi daga ofis, abokin aiki ya miƙo kwalba ya ce, "Ɗan taɓa mana, ba ta bugarwa, ɗacin furen hops ne kawai." To, a kurɓa?

Mu fara duba jikin kwalbar. Wadda aka rubuta kashi 2 ko 3 cikin ɗari giya ce, wanda ya jera kwalabe zai bugu. Malamanmu kuwa sun koya mana ba a auna haramci da kurɓa ɗaya, ana duba abin da mai yawa zai yi ne.

Amma mu yi adalci. Maltina da muke rabawa a taron suna, kamfanin da ke yin Star da Gulder ne ke yin ta. Ashe ma'aunin shi ne abin da ke cikin kwalba.

Mai 0.0 fa? Nan malamai sun saɓa. Mu abin da muke tsoro shi ne sabo: harshen da ya saba da ɗacin, wata rana zai nemi ta ainihi. Ga shi Abuja ba Kano ba ce, babu Hisbah. Yaronmu shi ne Hisbar kansa, sai mu koya masa cewa "na gode, ba na sha" ba tare da jin kunya ba.