"Ai Na Taɓa Yin Ta": Garkuwar Jiki da Haƙƙin Mutanen Gida



A rumfunanmu na Kasuwar Kure, in an ɗauko zancen allurar korona, amsar da muka fi ji ita ce: "Ai na taɓa yin ta, jikina ya riga ya san ta." Maganar ba ƙarya ba ce. Wanda ya kamu ya warke, jikinsa na riƙe kamannin ƙwayar cutar, ya yaƙe ta in ta dawo. Matsalar ita ce cutar na sauya riga. Nau'in Omicron da aka gano a kudancin Afirka a Nuwamban 2021 ya zo da sauye-sauye sama da 30 a ƙayoyin da yake maƙale wa jiki da su, shi ya sa ya sake kama mutane da yawa da suka taɓa warkewa. Ita ma allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma tana rage kwanciya asibiti da mutuwa, kuma wanda ya haɗa biyun, ya warke ya kuma yi allura, ya fi samun kariya.

To, tambayar gaskiya ita ce: wa zai biya kuɗin wannan garkuwar "ta Allah da Annabi" da muke tinƙaho da ita? Kafin jiki ya koya, sai cutar ta shiga. Mu kuwa mutanen hanya ne, yau Kano, gobe Legas, jibi mu dawo Minna mu ci tuwo kwano ɗaya da tsohuwa mai hawan jini da Baba mai ciwon sukari. Saurayi ya yi mura kwana uku ya miƙe. Su fa? Ba mu manta yawan jana'izar dattawa a Kano a Afrilun 2020 ba.

Zargin da ke zukatanmu ma yana da tushe. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabo. Amma mu tuna, da aka dakatar da allurar shan inna a 2003, yaranmu ne suka gurgunce, har cutar ta tsallaka wasu ƙasashe. Tambaya haƙƙinmu ce. A yi ta a asibiti, ba a WhatsApp ba.

Sayyadina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma ba wanda zai ce ya rasa tawakkali. Mai shago ba ya barin ƙofa a buɗe da dare ya ce ya dogara ga Allah. Yana sa kwaɗo, sannan ya yi addu'a.

Jikinmu amana ne, na iyalanmu ma haka. Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.