Abin da Kuɗi Bai Saya Ba a Jikin Totilas

A Turai akwai wasan dawaki da ake kira diresaj. Ba sukuwa ba ce, ba kuma tsallake shinge ba. Doki ne zai shiga fili ya yi ta sauya taku, wani lokaci da kiɗa, mahayinsa na ba shi umarni da ɗan motsin linzami da ƙafa wanda ɗan kallo ba ya ko lura da shi. Alƙalai su ba da maki bisa ɗari.

A wannan wasa aka yi wani baƙin ingarma mai suna Totilas, wanda aka haifa a Holan a 2000. Ubansa Gribaldi sanannen doki ne, uwarsa goɗiya ce mai suna Lominka. A hannun Edward Gal, a 2009, ya zama dokin farko da ya haura maki 90 a gasa, kuma a watan Disamba na shekarar ya samu 92.3 a Landan. A 2010 ya ci lambobin zinare 3 a gasar duniya ta Kentaki a Amurka. Bayan 'yan makonni aka sayar da shi ga Paul Schockemöhle, attajirin dawaki na Jamus, kan kuɗin da jaridu suka ƙiyasta wajen Yuro miliyan 10.

Tambayata ita ce: me aka saya da wannan kuɗi?

Asali dai an saye shi, domin jini yana bin doki duk inda ya je. Masu goɗiyoyi sun yi ta biyan kuɗi don su samu irinsa, kuma 'ya'yan ba su ba da kunya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma da aka ɗora masa sabon mahayi, Matthias Rath, abin bai koma yadda yake ba. Sun ci wasu gasanni, sai dai rauni ya yi ta bibiyar dokin, gasar Olamfik ta 2012 kuma ta wuce su saboda mahayin ya kwanta rashin lafiya. A 2015 a birnin Aachen jama'a suka ga Totilas yana ɗingishi, aka janye shi, daga nan bai sake shiga gasa ba. Ya mutu a Disamba 2020 bayan ciwon ciki.

Da sauƙi a ce kuɗi ne ya raba masoya, a ɗora wa mai saye laifi. Ni ban tsaya nan ba. Mai abu yana da ikon sayar da abinsa, kuma sabon mahayin ba ya rasa gwaninta. Ban da haka, tun a Holan ake sukar salon horon da ake danne kan doki har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, an kuma ci gaba da wannan suka a Jamus. Ashe ko kwanakin zinaren ba su rasa abin tambaya ba.

Abin da na fi gani shi ne, makin nan 92 ba a cikin jini kaɗai yake ba. Rabinsa na cikin shekarun da doki da mutum suka yi suna koyon juna, kuma wannan rabi ba ya shiga takardar ciniki. Da aka biya kuɗin duka biyu aka samu ɗaya, sai bashin ya koma kan wanda bai san an yi ciniki ba. Dokin ne aka sa ido ya biya, da ƙafafunsa.

Haka muke yi wa ɗan babban gida. Mu ce kyan ɗa ya gaji ubansa, mu manta da shekarun da uban ya yi yana faɗuwa yana tashi a hannun wanda ya yi haƙuri da shi. Asali alkawari ne kawai. Reno ke cika shi, reno kuwa sai da lokaci.

A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, Edward Gal ya fito a kan wani baƙin ingarma mai suna Total US, ɗan Totilas. Jinin ya dawo hannunsa, amma sai da ya sake yin renon tun daga farko.