"Wasa Ne Fa": Wa Ke Da Ikon Faɗin Haka a Filin Ƙwallo?

Da an sallame la'asar, filayen makarantun firamare na birnin Kano sai su koma hannun 'yan ƙwallo. A kafa duwatsu biyu ko a ɗaura raga a jikin ƙarfe, koci ya busa usur, ƙura ta turnuƙe. Da wuya a sami kulob na unguwa da ba shi da yaro guda da aka mayar abin dariya. Wani gola ne da aka taɓa zura wa biyar a wasa ɗaya, tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, ya koma Kwando. Wani mai in'ina ne, wani ba shi da takalmi sai na aro, wani kuma daga ƙauye ya zo karatun allo. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke haura katanga ya ɗauko ƙwallo, shi ake ɓoye wa silifa a tsaya ana kallonsa yana lalube. Ranar da ya ɓata rai kuwa, amsar da ke bakin kowa ɗaya ce: "Haba malam, wasa ne fa! Kai ba ka san wasa ba?"

Wannan 'yar magana tana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin ta ɗauke laifi daga kan mai tsokana ta ɗora wa wanda aka tsokana. Abin tambaya shi ne, tsakanin mai dariya da wanda ake yi wa, wane ne ke da ikon cewa abin da ya faru wasa ne?

Bahaushe dai ba baƙon tsokana ba ne. Akwai wasan Bakano da Bazazzage, na Bagobiri da Bayarabe, na Bafulatani da Babarbare, ga na taubasai, ga na jika da kaka. Maganganun da abokan wasa ke yaɓa wa juna, da bare ne ya faɗe su sai an kai ga gaban mai unguwa. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, saboda yadda yake kashe wutar rikici tsakanin ƙabilu. Sai dai duk wanda ya tashi cikin al'adar ya san tana da sharaɗi. Kowane ɓangare yana da bakin ramawa. Idan Bakano ya ce Bazazzage bawansa ne, nan take zai ji ninkin abin da ya faɗa, a yi dariya tare a watse. Haka kuma wasan yana tafe da hakki: abokin wasanka ne ke zuwa karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki, shi ne kuma ke gaba-gaba ranar da wani abu ya same ka.

Auna Kwando da wannan ma'auni. Shekararsa goma sha huɗu, masu yi masa dariya sun haura ashirin, kuma a hannunsu jesi yake. In ya rama ya yi rashin kunya, in ya yi shiru ya amince, in ya kai ƙara ya zama ɗan gulma. Bakin ramawar da ke halatta barkwanci an toshe masa shi tun kafin a fara.

Addini ya shigo maganar ta wata ƙofa ta daban, ya kuma fi al'ada tsanantawa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana abubuwa uku a jere: yi wa wasu izgili, aibata juna, da jifan juna da munanan laƙabi. Dalilin da ta bayar game da izgili shi ne, mai yiwuwa wanda ake yi wa ya fi mai yin alheri. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa lokacin da Annabi (SAW) ya isa Madina, ya tarar da mutanen Banu Salima kowa da suna biyu ko uku, sai ya kira mutum da ɗaya daga ciki a ce masa ai yana fushi da wannan sunan, daga nan hanin ya sauka. Abin lura a ruwayar shi ne inda aka ajiye ma'aunin. Ba a tambayi masu kiran ko da mugun nufi suke yi ba. Abin da aka duba shi ne mai sunan ba ya so.

Wannan ne ya sa malamai ba su haramta laƙabi baki ɗaya ba. Ɗaliban hadisi har gobe suna karanta sunan A'amash, wato mai raunin gani, da A'araj, wato gurgu, domin da su aka san waɗannan manyan maruwaita, kuma ba don tozarci ake faɗa ba. Sayyidina Ali ya fi son Abu Turab a kan sauran sunayensa, saboda Annabi ne ya kira shi da shi ranar da ya tarar da shi kwance ƙasa ta ɓata masa baya. A fagen ƙwallo ma haka ne: duk mai bin Kano Pillars ya san Rabi'u Ali da Pele, kuma ba a taɓa jin an ce sunan ya rage shi da komai ba. Laƙabin da ke ɗaga mutum da wanda ke danne shi duk a fili ɗaya ake raɗa su, sau da yawa ma baki ɗaya ne ke raɗawa.

Masu horarwa suna da tasu hujjar, kuma ba ta wofi ba ce. Cewa suke yi ƙwallo ba wurin lallashi ba ne. Yaron da ba zai jure tsokanar abokansa goma ba, yaya zai yi ranar da ya tsaya buga fenariti a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, dubban mutane na ambaton iyayensa? Gara ya sha a gida tun yana ɗan dagaji, fatarsa ta yi kauri. Akwai gaskiya a ciki, domin haƙuri da juriya halaye ne da ake koya, kuma kocin da ba ya tsawa ba ya fitar da ɗan wasa. Amma tsawar da ke cewa ka makara wajen rufe gefenka tana nuna wa yaro abin da zai gyara gobe. Dariyar in'inarsa ko ta tsohon wandonsa ba ta nuna masa komai, tunda ba shi ya zaɓa ba, ba kuma zai iya sauyawa a atisaye ba. Sannan masu wannan hujja waɗanda suka jure kawai suke ƙirgawa. Yaran da suka daina zuwa fili shiru, ba wanda ya bi sawunsu balle ya san irin ƙafar da aka yi asara.

Akwai ƙissar Abdullahi ɗan Mas'ud da Imam Ahmad ya kawo, wadda ta yi kama da abin da ke faruwa a bakin fili. Siririn mutum ne, ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta yaye masa ƙwauri, sahabbai suka yi dariya. Annabi ya tambaye su abin da ya ba su dariya, suka ce sirantar ƙwaurinsa, sai ya sanar da su cewa waɗannan ƙwaurin sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Masu dariyar mutanen kirki ne, ba da ƙiyayya suka yi ba. Duk da haka babban da ke wurin bai juya ga wanda ke kan bishiya ya ce masa ya koyi jure wasa ba. Masu dariyar ya fuskanta, a gaban kowa, nan take.

Dokar ƙwallo ita ma ba ta yi shiru ba. Doka ta 12 ta sanya zagi da kalaman cin mutunci cikin laifuffukan jan kati, kuma ba ta ware ko abokin hamayya aka zaga ko wanda kuke jesi ɗaya ba. Matsalar ita ce mai riƙe da katin shi ne ya fi kowa shan zagi. A watan Disambar 2012, a garin Almere na ƙasar Holand, wani mutum mai shekara 41, Richard Nieuwenhuizen, ya riƙe tuta don sa kai a wasan yara da ɗansa ke bugawa. Bayan an tashi wasu matasan ƙungiyar da ta zo baƙunta suka rufe shi da duka, washegari ya rasu. A ƙarshen makon da ya biyo baya an soke dukkan wasannin ƙananan ƙungiyoyi a faɗin ƙasar. Ingila kuwa ta ƙaddamar da shirinta na Respect tun 2008, daga kakar 2019 ta fara fitar da ɗan wasa na minti goma a ƙananan gasanni in ya yi wa alƙalin wasa tsaurin ido, a 2023 kuma ta fara gwajin maƙala wa alƙalai kyamara a ƙirji.

Duk waɗannan matakai minti casa'in kawai suke gadi. Abin da ke korar Kwando daga fili yana faruwa ne a wajen atisaye, da cikin motar da aka yi shata zuwa wasan waje, da zauren WhatsApp na kulob inda hoton faɗuwarsa ke yawo har tsakar dare. Babu alƙalin wasa a can. Kyaftin ne da koci, sai ɗan kasuwar unguwa da ke sayen jesi, wanda ake kira uban ƙungiya. Yara kuma ba dokar da aka karanta musu suke bi ba, fuskar koci suke kallo lokacin da aka yi dariyar. In ya murmusa, an ba da lasisi.

Abin da ke hannunsa ba ya cin ko sisi. Zai iya sa ɗiban ruwa da naɗe raga su zama zagaye, har kan kyaftin. Zai iya jan sabon yaro gefe ranar farko ya tambaye shi sunan da yake so a kira shi da shi, kamar yadda aka kula da na mutanen Banu Salima. Ranar wasa kuma, in ya buɗe takarda zai karanto sha ɗayan farko, da ya zo kan mai lamba ɗaya sai ya kira sunan da mahaifinsa ya raɗa masa.