Tanadin Abincin Shekara Ba Ya Warware Tawakkali

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyar da bayinsa na birni da na ƙauye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Aliero ta shiga Jega, ta gangara Maiyama, a watannin rani lokacin da a ke cirar albasa, zai ga ni'imar Allah a fili. Buhuna jibge a bakin hanya, manyan motoci suna lodi zuwa kasuwannin Kudu, kuɗi suna shiga hannun manoma. Da kaka ma haka abin ya ke, ga gero da dawa, ga shinkafar fadama. Amma idan mutum ya sake bin hanyar a tsakiyar marka, ba abin mamaki ba ne ya tarar da magidancin da ya ƙirga kuɗi masu yawa watanni kaɗan da suka wuce yana neman wanda zai ranta masa kwano biyu na hatsi.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikacin da ke karɓar albashi, idan ya yi wauta da kuɗinsa, wahalar 'yan kwanaki zai sha kafin wata ya mutu. Shi kuwa manomi, samunsa sau ɗaya ne ko sau biyu a shekara, alhali kuwa tukunyar gidansa kullum sai an ɗora ta. Saboda haka kuskuren mako ɗaya a lokacin kaka ya kan zama yunwar wata uku da damina.

Akwai masu cewa ajiya don gobe raunin imani ce, suna kafa hujja da cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Haƙiƙa arziki na Allah ne, babu mai jayayya da wannan. Sai dai Allah ɗin da ya lamunce arziki shi ne ya yi umurni da riƙon sababi. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko kuwa ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya haɗa biyun, watau ɗaurin da dogaron. Har wa yau Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Annabi ya kan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda daga dukiyar Banu Nadir. Babu wanda ya kai shi tawakkali. Ashe kuwa cika rumbu ba ya warware shi.

Ƙissar Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, ta ishi manomi wa'azi. Da ya fassara mafarkin sarkin Masar, ya ba da shawarar a yi noma shekara bakwai ba fashi, a ci kaɗan, sauran kuwa a bar shi cikin zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na tsanani da ke tafe. Malaman tafsiri sun bayyana cewa hikimar barin hatsi a zangarniya ita ce ya fi jimre ajiya, ƙwari ba su saurin cin sa. Wannan ita ce dabarar da kakanni suka bi a ƙasar Gwandu da sauran ƙasar Hausa: su ɗaure gero dami-dami, su zuba a rumbu, ba a sussukawa sai gwargwadon bukata. Akwai kuma wata fa'ida. Hatsin da aka sussuke aka ɗura a buhu, mai babur na iya kai shi kasuwa kafin a idar da sallar Walha. Wanda ke cikin dami kuwa, kafin a gama sussuka zuciyar mai shi ta yi sanyi, ya sake tunani.

To, ta yaya magidanci zai raba abin da ya samu? Imamu Muslim ya ruwaito hadisi daga Abu Huraira game da wani mutum da ke tafiya a daji, ya ji murya daga cikin girgije ana umurtar sa ya shayar da gonar wane. Girgijen ya karkata ya zubar da ruwansa, ruwan ya taru ya bi wani magudani. Mutumin ya bi shi har ya iske mai gona tsaye yana juya ruwan da abin aikinsa. Ya tambaye shi sunansa, sai ya ji shi ne sunan da aka ambata. Ya nemi sanin abin da ya ke yi da har ya sami wannan daraja. Mai gonar ya bayyana masa cewa ya kan duba abin da gonar ta fitar ya kasa shi uku: kashi ɗaya sadaka, kashi ɗaya shi da iyalinsa, kashi ɗaya kuma ya mayar wa gonar. Ba a wajabta wa kowa bin wannan adadi ba. Abin koyi shi ne mutumin yana dubawa, yana lissafi, yana rabawa tun kafin hannu ya fara shiga.

Kashi na farko, haƙƙin Allah. Suratul An'am, aya ta 141, ta haɗa umurnin fitar da haƙƙin amfanin gona ranar girbi da hani ga almubazzaranci a wuri guda. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, kowane wusƙi kuwa sa'i 60, watau sa'i 300 ke nan. Abin da ruwan sama ya shayar, a fitar da ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar shinkafar rani da a ke ba ruwa da inji, ɗaya cikin ashirin. Ita albasa, a mazhabar Imamu Malik babu zakka a kanta, domin tana cikin kayan lambu. Amma kuɗin da aka sayar da ita, idan sun kai nisabi, watau ƙimar dinari 20 na zinariya, kuma suka shekara a hannu, to, akwai ɗaya cikin arba'in a kansu. Kada manomin albasa ya ɗauka cewa rashin zakka a kan buhu ya kore masa sadaka, domin maƙwabcinsa mai yunwa yana da haƙƙi a kansa.

Kashi na biyu, abincin gida. A nan ne a ke bukatar alƙalami, ko da kuwa a bayan allo ne. A misali, gidan da ke cin kwano 2 a rana zai ci kwano 730 a shekara. Idan buhu yana ɗaukar kwano 40, to, buhu 18 ke nan da ɗan ɗori. A ƙara na baƙi da na azumi da zakkar fid da kai. Wannan adadi a keɓe shi, a ɗauka ba na sayarwa ba ne, komai tsananin sha'awar kuɗi. Da yawa daga cikin magidanta ba su san abin da gidajensu ke ci a wata ba. Uwargida kuwa ta sani sarai, domin ita ke auna shi kullum. Babu aibi ga namiji ya zauna da iyalinsa su yi wannan lissafi tare. Wanda ya sayar da abincin gidansa da kaka, lokacin da kasuwar Jega ta cika da hatsi farashi ya faɗi, shi ne zai koma kasuwar da damina ya saye shi da tsada. Ya yi hasara sau biyu.

Kashi na uku, abin da za a mayar wa gona: iri, da taki, da maganin feshi, da ladan 'yan ƙwadago, da man injin ban ruwa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 1444 bayan Hijira, watau shekarar 2023, masu noman rani suka ga yadda kuɗin ban ruwa ya ninka. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Manomin da ya cinye jarinsa ba zai shiga fadama baɗi ba sai da dukiyar wani, kuma bisa sharaɗin wani. Cikin wannan kashi ne kuma ya kamata a bar wani abu saboda ɓacin rana. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Matasa kuwa sun ga ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi ana dab da girbi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina ne dukiyar kaka ta ke zurarewa? Galibi ba a tukunya ba ne. Tana tafiya ne wajen gasa: lefen da ya wuce ƙarfin mai shi, da kayan ɗakin da sai an jinginar da gona, da ankon biki, da liƙi ga maroƙa, da sauya babur ko wayar hannu don kawai wane ya sauya, da ƙarin auren da aka ƙulla saboda kuɗin albasa sun shigo, ba tare da an duba ko rumbu zai ɗauki baki biyu ba. Aure sunna ne, walima ma sunna ce. Amma Annabi ya umurci Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya ke attajiri, da ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce, kuma Buhari ya ruwaito cewa shi kansa ya yi walimar wata daga cikin matansa da mudu biyu na sha'ir. Suratul Isra'i ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu dangantakar 'yan'uwantaka. Wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai dai a yi hattara, tattali dabam, rowa dabam. Ita wannan sura da ta zargi mai sakin hannu gaba ɗaya, ta zargi mai ƙunƙume shi. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin biyun. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan saboda ƙwauro, Annabi ya yi mata izinin ta ɗibi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa al'ada. Saboda haka magidancin da ya kulle rumbu yara suna kuka, ko ya hana kuɗin magani, ko ya bar wa mace nauyin cefane daga 'yar sana'arta alhali yana da hali, ba tanadi ya yi ba, zalunci ya yi. Ciyarwa wajibi ce a kan miji, dukiyar mace kuwa tata ce.

Game da yadda za a yi ajiyar, ya kamata a lura da cewa takardar kuɗi tana zagwanyewa. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, watau kuɗin da aka binne a tukunya sun fito da ƙarancin daraja. Shi ya sa mutanen ƙauye suka daɗe da mayar da rarar kuɗinsu tunkiya ko akuya ko ɗan maraƙi, abin da ke haihuwa ko ya yi ƙiba, a sayar ranar bukata. Adashi tsakanin amintattu shi ma hanya ce, malamai da yawa sun halatta shi matuƙar kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba. Mai son banki kuma yana da bankunan da ba su mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Hikima dai ita ce kada a tara komai wuri guda, domin dabba tana mutuwa, ɓarawo yana sata, hatsi yana ƙwari.

Albasa kuwa tana da nata hukunci. Farashinta ya kan faɗi lokacin cira, ya tashi zuwa ƙarshen shekara, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2020 da ta yi tsada a duk faɗin ƙasa. Wanda ya shanya ta ta bushe sosai, ya zuba a rudu mai shan iska, yana dubawa yana tsince ruɓaɓɓu, ya kan ci riba. Amma tana raguwa tana ruɓewa, don haka mai hankali ya kan sayar da ita kashi-kashi, ba ya jiran farashin da babu wanda ya yi masa alkawarinsa. Manomin da ya ajiye abin da ya noma ba ya cikin masu ɓoye abinci da hadisin Muslim ya kira masu saɓo. Waɗannan su ne masu saye abin da ke kasuwa su kulle don jama'a su ƙuntata. Duk da haka, idan yunwa ta tsananta a gari, malamai sun ce wanda ke da rarar abinci lalle ne ya fitar ya sayar.

Daga ƙarshe, sai batun bashi, wanda shi ne makomar duk wanda bai yi tanadi ba. Sayyida A'isha ta ruwaito cewa Annabi ya kan yawaita neman tsari daga bashi, ya kuma bayyana cewa wanda bashi ya yi wa katutu ya kan yi ƙarya ya saɓa alkawari. Wanda ya ranci buhu ɗaya da damina bisa sharaɗin ya biya biyu da kaka ya faɗa riba, shi da mai ba shi. Shari'a ta buɗe wata ƙofa, watau cinikin salam: a biya kuɗi gaba ɗaya yanzu, a karɓi hatsi daga baya, da ma'auni sananne da lokaci sananne. Amma bai dace mai kuɗi ya fake da wannan ya murƙushe mabukaci da farashin wulakanci ba. Kowane irin bashi ne kuma, a rubuta shi a kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta karantar. Gonaki nawa ne suka fita daga hannun magada saboda bashin da aka ci a ɓoye?

Annabi ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Magidancin da ya fitar da haƙƙin Allah, ya keɓe abincin iyalinsa, ya tanadi na gona, sa'an nan ya ɗaga hannu ya roƙi albarka, shi ne ya ɗaure raƙumarsa kuma ya dogara.

Allah ya sanya albarka a gonakin Musulmi da rumbunansu, ya kiyaye su daga fari da ambaliya da ƙangin bashi, ya azurta su da wadatar zuci. Allah shi ne Mafi sani.