Gwajin Ɗan Tayi da Allura: Ina Matsayin Musulmi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin mas'alolin da zamani ya zo da su, waɗanda magabata ba su tarar ba, akwai maganar gwada ɗan tayi tun yana cikin mahaifiyarsa. Yakan faru mace ta je awon ciki, likita ya duba shekarunta da jininta da hoton cikin, sa'an nan ya shaida mata cewa cikin nan yana da haɗari, akwai kuwa gwajin da zai bayyana ainihin halin da ɗan yake ciki, sai dai shi kansa gwajin yana iya jawo ɓari. Daga nan sai ita da maigidanta su shiga tsaka mai wuya, su rasa wanda ya fi zama daidai wajen Allah tsakanin yarda da ƙi.

Malaman fiƙihu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake, saboda haka ya kamata a fara da bayanin gwajin. Iri biyu ne. Na farko ana yinsa tsakanin mako na 11 da na 14, a gutsuro ɗan ƙanƙanin yanki daga mabiyiya. Na biyu ana yinsa daga mako na 15 zuwa sama, inda likita zai soka siririyar allura ta fatar ciki, yana kallon na'urar hoton ciki, ya zuƙo kimanin mililita 20 na ruwan da ɗan tayi yake kwance a cikinsa. Daga abin da aka ɗebo ne ake karanta ƙwayoyin gadon yaron. A hannun ƙwararren likita, ɓarin da gwajin ke jawowa bai kan wuce ɗaya cikin 200 ba, sau da yawa ma bai kai haka ba. Haɗarin kaɗan ne, amma ga matar da ta shekara goma tana neman haihuwa, ko wadda ta yi ɓari sau uku a jere, wannan ɗayan yana da nauyin da lissafi ba ya nunawa.

Waɗanda aka fi yi wa tayin gwajin su ne matan da shekarunsu suka ja, domin lalurar nan da likitoci ke kira Dawun, mai sa jinkirin girma da fahimta, tana ƙaruwa da shekarun uwa: kimanin ɗaya cikin 350 ga 'yar shekara 35, kimanin ɗaya cikin 100 ga 'yar shekara 40. Sai kuma ma'auratan da dukansu biyu ke da jinin AS, waɗanda kowane ciki suka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon sikila. Wannan kuwa babban al'amari ne a ƙasar nan, domin a shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar yara wajen 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara.

Wasu mutane suna ganin gwajin shisshigi ne cikin gaibu, suna kafa hujja da ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman, wadda ta ambaci abin da ke cikin mahaifa a jerin abubuwan da Allah Ya keɓanta da saninsu. Amma malaman tafsiri, irin su Ibn Kasir, sun bayyana cewa da zarar Allah Ya umurci mala'ika game da ɗan tayi, to, mala'ikan da wanda Allah Ya so daga bayinSa suna iya sanin wani abu daga halinsa. Likita yana ganin abin da an riga an halitta ne kawai. Arzikin yaron da ajalinsa da aikinsa da makomarsa, babu allurar da ke kaiwa gare su.

Wasu kuma suna cewa neman sani rashin tawakkali ne. Amsar wannan tana cikin ƙissar Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Ashe ke nan wanda ya yi gwaji bai fita daga tawakkali ba, wanda ya ƙi shi bayan ya auna al'amarin, shi ma ba a kiransa jahili.

To, ina wahalar take? Tana wurin cewa wanda za a jefa cikin haɗarin ba shi da bakin magana. Ɗan tayi amana ne a hannun iyayensa, shari'a kuwa ta ba shi haƙƙi tun bai fito ba: ana ajiye masa rabonsa na gado, an sauƙaƙa wa uwarsa azumi saboda shi, wanda ya yi sanadin zubewarsa kuma akwai diyya a kansa. Mai riƙon dukiyar maraya ba ya juya ta sai ta hanyar da za ta amfani marayan, balle mai riƙon rai. Saboda haka tambayar da ta wajaba ma'aurata su amsa tun kafin a ɗauko allura ita ce: idan sakamako ya fito, me za a yi da shi?

Idan sanin zai canza irin kulawar da za a ba uwa ko ɗanta, to, gwajin ya shiga babin neman magani, wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umurni da shi. Akwai cututtukan da ke kama ɗan tayi waɗanda ake iya fara yi musu magani tun yana ciki. Haka nan kusan rabin yaran da ake haifa da lalurar Dawun suna zuwa da matsalar zuciya, sanin haka da wuri kuwa zai sa matar ƙauye ta shirya haihuwa a babban asibiti maimakon ɗaki. A irin wannan hali an ɗauki ƙaramar cuta ne don kauce wa babba, kuma wannan ƙa'ida ce sananniya wajen malamai.

Idan kuwa sanin ba zai canza kome ba, hujjar gwajin ta yi rauni. A ɗauki misalin sikila. Ma'auratan da suka riga suka ƙudurta cewa za su karɓi abin da Allah Ya ba su ko yaya ya zo, ba su da bukatar allura, domin ɗigon jini kaɗan da za a ɗiba daga jariri bayan haihuwa zai ba da amsar nan ba tare da haɗarin ɓari ba, kuma maganin kariya da ake ba masu sikila sai bayan haihuwar ake fara shi. Wurin da gwajin sikila ya fi amfani shi ne kafin ɗaurin aure, shi ya sa a shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya, har da na jinsin jini, ga masu niyyar aure.

Saura hali na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, watau a yi gwajin da niyyar zubar da cikin idan an ga naƙasa. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya ambaci matakai uku na kwana arba'in-arba'in kafin a busa rai, jimla kwana 120. Malamai sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki bayan wannan lokaci, sai fa idan ran uwa ne yake cikin halaka. Kafin lokacin kuwa sun saɓa. Mashahurin zance a mazhabar Maliku, wadda ita ake bi a ƙasashen nan, shi ne hani tun daga sa'ad da ciki ya shiga, ko da yake Lakhami ya sassauta kafin kwana 40. Wasu Hanafawa sun halatta kafin kwana 120 idan akwai uzuri. A shekarar 1990 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 12 a Makka, ta ba da izini kafin kwana 120 bisa sharuɗɗa masu tsanani: kwamitin amintattun ƙwararrun likitoci ya tabbatar da cewa naƙasar mai muni ce ƙwarai, ba ta da magani, rayuwar yaron za ta zama azaba gare shi da iyalinsa, kuma iyayen ne suka nema. Ya kamata a lura cewa likitoci suna ƙirga makonni daga ranar farko ta hailar ƙarshe, saboda haka kwana 120 daga shigar ciki sun yi daidai da kimanin mako 19 a lissafin asibiti. Har ila yau dokar hukunta laifuffuka ta jihohin Arewa ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa.

Da wuya a ce kowace naƙasa ta cika waɗancan sharuɗɗa. Akwai bambanci mai nisa tsakanin ɗan tayin da ƙoƙon kansa da ƙwaƙwalwarsa ba su haɗu ba, wanda ba ya daɗewa bayan haihuwa, da mai sikila wanda ke girma ya yi karatu ya yi aure, ko mai lalurar Dawun da ke rayuwa shekaru masu yawa cikin danginsa. Musulunci bai auna darajar mutum da lafiyar jikinsa ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, Manzon Allah kuma ya sha wakilta shi a Madina idan zai fita. Aɗa'u ɗan Abu Rabah, mai ba da fatawa a Makka a zamanin tabi'ai, gurgu ne, daga baya ma ya makance. Da ana tace mutane tun suna ciki bisa cikar gaɓoɓi, da al'umma ta yi hasarar irin waɗannan.

Akwai kuma hanyoyin da ba su taɓa mahaifa, waɗanda ya dace a fara da su. Tun shekarar 1997 aka gano cewa ɓurɓushin ƙwayoyin gadon ɗan tayi yana yawo cikin jinin uwarsa, daga 2011 kuma aka fara gwaji da jinin uwa kaɗai. Wannan gwaji da hoton ciki suna nuna yiwuwa ne, ba su yanke tabbas, amma sau da yawa sukan kwantar da hankali har a ga babu bukatar allura. Kuskure ne babba a gina hukunci mai nauyi a kan zato.

Daga ƙarshe, shawarar ta mutum biyu ce. Jikin matar ne za a soka, ita ce kuma za ta ɗanɗani zafin ɓari idan ya auku, don haka bai halatta miji ko dangin miji su tilasta mata ba, kamar yadda bai dace ita ma ta yi gaban kanta ba tare da sanin uban ɗan ba. Su tambayi likita sau nawa ya taɓa yin wannan aiki, kwana nawa sakamako zai ɗauka, da abin da zai canza idan ya fito. Su je wa malami masani da bayanin likitan yadda yake, ba ragi ba ƙari. Sa'an nan su yi istihara, su zaɓa. Wanda ya bi wannan hanya, idan abin da ake tsoro ya faru, kada ya kashe kansa da zargi, domin Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba iyayen da aka jarraba haƙuri da lada. Allah Shi ne Mafi sani.