Inuwar Annabi Musa a Littafin Steinbeck

Duk wanda ya karanta The Grapes of Wrath, littafin da John Steinbeck ya wallafa a 1939, alhali yana sane da ƙissoshin Attaura, zai hangi hijirar Banu Isra'ila cikin ƙaurar iyalin Joad, manoman da fari da bashin banki suka kora daga Oklahoma zuwa Kalifoniya. Amma ishara mafi nauyi, a ganina, tana wajen jaririn da aka haifa wa iyalin babu rai, wanda Baffa John, ɗaya daga cikinsu, ya sa cikin akwatin tuffa ya saki bisa ambaliya. Domin Annabi Musa, alaihissalam, tsira aka nufa da shi a kogin Nilu, wannan kuwa gawa ce aka aika ta zama hujja a kan mutanen gari.