Matar da ke Jiran Takarda: Wa ke da Nauyin Jinyarta?

A wannan wata muna so mu auna wata magana wadda ta faru a ƙasa mai nisa, amma ta taɓa gidajen waɗansu daga cikinmu. 'Ya'yan ekklesiyoyinmu da dama suna zaune a Amurka, waɗansunsu kuwa su kan zo gida neman aure. Tambayar ita ce: macen da ta bi mijinta zuwa baƙuwar ƙasa, takardar zamanta ba ta fito ba tukuna, ga annoba ta faɗo, in ta kwanta ciwo wa ke da nauyin jinyarta? Mun ce mace domin sauƙin magana ne. Wani lokaci mijin ne baƙon.

Bari mu fara bayyana yadda abin ya ke. A Amurka gwamnati ba ta ɗauke wa kowa da kowa kuɗin asibiti ba. Mutum ya kan biya wani abu kowane wata ga kamfanin inshora, ran da ciwo ya zo kamfanin ya biya mafi yawan kuɗin magani. Wajen rabin mutanen ƙasar ta wurin aikinsu su ke samun wannan inshorar lafiya. Wanda ba shi da ita, kwana kaɗan a gadon asibiti ya isa ya jawo masa bashin dala dubbai. Akwai taimakon gwamnati domin matalauta, sunansa Medicaid, amma wata doka ta 1996 ta ce yawancin baƙi sai sun shekara 5 da samun takardar zama kafin su ci moriyarsa. Mai jira kuwa ko ƙidayar shekarun ba a soma mata ba.

Jiran nan ba na kwana biyu ba ne. Wadda ta shiga da bizar alkawarin aure, tilas a ɗaura auren cikin kwana 90, sa'an nan ta roƙi takardar zama ta dindindin, wadda su ke kira koren kati. Ta kan yi watanni tana sauraro, wani lokaci fiye da shekara. Ba ta da ikon yin aiki sai an ba ta izini dabam. In ta fita ƙasar ba tare da izini na musamman ba, sai a ɗauka ta watsar da roƙonta. Watau ba ta iya cewa, bari in koma gida wurin iyayena su yi jinyata. Ita ba baƙuwar kwana uku ba, ita ba 'yar gari ba.

A cikin wannan hali annobar korona ta same su. Ran 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta game duniya. Ran 18 ga watan aka rufe ofisoshin shige da fice na Amurka, ba a soma buɗe su ba sai 4 ga Yuni. A watan Afrilu kaɗai mutum fiye da miliyan 20 suka rasa aiki, da yawa kuwa inshorarsu ta bi aikin ta tafi. Ga kuma wani abu da ya ƙara wa borno dawaki. Ran 24 ga Fabrairu na shekaran nan wata sabuwar ƙa'ida ta soma aiki, wadda ta ce ana iya hana takardar zama ga baƙon da aka ga alamar zai zama kaya a wuyan gwamnati, ta kuma sa Medicaid cikin abubuwan da za a duba. Gaskiya ne a watan Maris hukumar ta sanar cewa gwaji da maganin korona ba za a lissafta wa kowa ba, an kuma janye ƙa'idar a Maris 2021. Amma tsoro ya riga sanarwa isa gidajen mutane, kuma tsoro ba ya karanta takarda.

To, a ce ga wani ɗan'uwa mai bi. Matarsa tana zazzaɓi kwana biyar, numfashi ya fara yi mata wuya. Ba ta da inshora. Zuciyarsa tana ce masa, in ka kai ta asibiti bashi zai cinye ku, wataƙila kuma sunanta ya shiga littafin hukuma a hana ta takarda, a raba ku. Ka bari tukuna, ka dafa mata citta da lemun tsami, gobe ta ji sauƙi. Kada mu yi saurin zarginsa, gama ƙauna ce ta ke magana cikin tsoron nan. Ba ya so a raba shi da matarsa. Duk da haka muna cewa in ya bi wannan shawara ya yi kuskure mai girma. Ya sa takarda a gefe ɗaya na ma'auni, rai a ɗaya gefen, ya bar takarda ta rinjaya. Takardar domin matar a ke nemanta. In matar ta tafi, wa za a miƙa wa?

Littafin Farawa sura 12 ya nuna mana wannan jaraba tun da daɗewa. Yunwa ta kai Ibrahim Masar, ya zama baƙo a hannun hukumar da ya ke tsoro, sai ya shirya da Saratu ta ce ita 'yar'uwarsa ce. Dabarar ta tsare shi, amma Saratu ce aka ɗauka zuwa gidan Fir'auna. Haka tsoron baƙunci ya kan yi: miji ya yi dabara, mata ta biya. Wannan labari kuma ya rufe ƙofa ta biyu, watau a kai ta asibiti da sunan wata, ko a rubuta ƙarya a takardar neman taimako. Mai bi ba shi da wannan hanya. Ban da zunubin, ƙarya a gaban hukumar shige da fice tana iya rufe wa mutum ƙofar ƙasar har iyakar ransa.

Abin baƙin ciki shi ne hanyoyin gaskiya suna nan a lokacin, rashin sani ya ɓoye su. Tun 1986 akwai doka cewa asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnati ba shi da ikon korar wanda ya zo cikin hatsarin rai, ko yana da kuɗi ko babu, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Sai dai bashin ya kan biyo baya. Daga 2020 zuwa Maris 2022 gwamnati ta yi ta biyan kuɗin gwaji da jinyar korona na marasa inshora. Wuraren aiki da yawa su kan yarda ma'aikaci ya sa matarsa cikin inshorarsa, muddin ya nema cikin kwana 30 da ɗaurin aure. A 2020 mai jiran koren kati tana da ikon sayen inshora a kasuwar da dokar 2010 ta kafa, zamanin Shugaba Obama. Dokokin nan su kan sake da sakewar masu mulki, saboda haka kowa ya tambayi masani abin da ke aiki a shekarar da ya ke ciki.

Mun san akwai 'yan'uwa masu cewa inshora rashin bangaskiya ce, waɗansu ma su ce caca ce. Muna girmama himmarsu, amma ba mu yarda ba. Mai caca yana fatan ƙuri'a ta faɗo masa. Mai inshorar lafiya kullum addu'arsa kada ta faɗo masa. Ba kuma adashi ba ce, inda kowa ke jiran ranar kwasarsa. Ta fi kama da rumbun tsimi wanda gari duka ke zuba wa, a buɗe shi domin gidan da wuta ta ci. Yusufu ya ba Fir'auna shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona shekara bakwai, ba wanda ya ce bangaskiyarsa ta raunana. Manomin da ya ƙi ɗaure dami ya ce Allah zai ciyad da shi, gwada Ubangiji ya ke yi. In kuwa mutum ya zaɓi ya zauna haka a kan ransa shi kaɗai, to, da sauƙi. Amma ba shi da iko ya gwada bangaskiyarsa da jikin 'yar mutane wadda ya raba da danginta.

Nauyin fari, ashe, na miji ne. Abin mamaki, gwamnatin Amurka ta gane wannan fiye da waɗansu masu bi. Kafin a ba matar takarda, sai mijin ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa zai riƙe ta, ya kuma nuna abin da ya ke samu ya ɗara ma'aunin talauci na ƙasar da kashi 25 cikin 100. Alkawarin yana kansa har ta zama 'yar ƙasa, ko ta yi aikin wajen shekara 10. Ko sakin aure ba ya warware shi. In Kaisar ya nemi haka, me za mu ce da alkawarin da aka yi a gaban Allah da taron ekklesiya, wanda ya ambaci ciwo da sunansa? Bulus ya gargaɗi Timoti da kalmomi masu zafi a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa.

Game da gwamnati, ba mu musu cewa kowace ƙasa tana da ikon tsaron baitulmalinta da iyakarta. Amma ƙa'idar da ta sa marar lafiya ɓuya a lokacin annoba ta cuci mai gida tare da baƙo, gama cuta ba ta tambayar takarda kafin ta ƙetare zuwa ɗakin maƙwabci. Mutum fiye da miliyan ɗaya korona ta kashe a ƙasar. Shari'ar Musa ta umarta a bar kala a gona domin matalauci da baƙo, da wannan kala kuwa Rut mutuniyar Mowab ta rayu a Baitalami tun ba ta da kowa sai Na'omi.

Ekklesiya fa? Cikin Ayyukan Manzanni sura 6, gwaurayen da aka manta wajen rabon abinci su ne na masu jin Helenanci, ba na 'yan gida ba. Ba mugunta aka yi musu ba, mantuwa ce, manzanni kuwa suka sa aka zaɓi mutum bakwai domin gyara. Amarya baƙuwa da ke zaune a bencin baya, ba ta san hanyar asibiti ba, ita ce mai saurin faɗawa cikin irin wannan mantuwa. Dattawan ikilisiyar da ta karɓe ta su tambayi mijin a fili ko ya sa ta cikin inshora, in ya kasa a taimake shi da kuɗin watannin jira.

Mu na gida ma muna da hannu. Sau da yawa kuɗin da ya kamata ya tafi ga inshorar amarya, mu ne mu kan aika a turo mana shi, na kwanon rufi, na biki, na makarantar ƙanne. Ɗa mai kunyar iyaye ba zai ce babu ba; sai ya rage daga inda ba a gani. Iyayen ango su ɗaga masa ƙafa har takardar ta fito. Iyayen amarya kuwa, sa'ad da a ke zaman maganar sadaki da kayan lefe, su sa wannan cikin tambayoyinsu: daga ran da ta sauka, da sunan wa za a rubuta ta a asibiti, nawa ne a wata, wa kuma zai biya in aikinsa ya tsaya?